Ranar da Na Kai Ummanku Cin Pupusa

A aikin da na yi na shekara talatin da 'yan kai, abin da ya fi nauyi shi ake sawa a farkon labari, domin mai sauraro yana iya tashi kafin a kai ƙarshe. Zan bi wannan ƙa'ida a nan. Kawunku Bashir bai ɓoye wa Ummanku ciwon mahaifiyarta ba. Ya kira ni kwana tara kafin ta sani, ya roƙe ni in haɗa su ta waya, ni na hana. Safiya, Umar, abin da kuka taso kuna ji a gidan nan game da shi ba gaskiya ba ne, kuma ni na bar shi ya zauna. Na san karatun Hausa yana ba ku wahala. Ku daure. Na fara wannan babi da Turanci, sai na ga yana fitowa kamar wasiƙar ban-haƙuri ta ofis, sumul, ba ta taɓa kowa ba har mai rubuta ta.

Abin da ya zaunar da ni shi ne abin da na gani a falo a makon da muka binne Ummanku. Bashir ya kira daga Kano don ta'aziyya. Na miƙa miki wayar, Safiya, kika dubi sunan, kika ce da Turanci ba ki da abin da za ki faɗa wa mutumin nan. Umar ya tashi ya shiga kicin. Na ce wa Bashir kuna tare da baƙi. Ya ce ba komai, a gaishe ku. Furfura ta cika masa gemu yanzu, kuma tun kafin ya yi aure yake ɗauke da laifina.

A shekarar da nake magana muna Largo, a siririn gidan nan mai hawa uku. Kullum da safe in hau jirgin ƙasa daga tasharsa ta ƙarshe in shiga Washington, in fassara labarai, in karanta su ga mutanen da ba su taɓa ganin fuskata ba. Ummanku kuwa tana aiki a gidan kula da tsofaffi. A Kano cikakkiyar nas ce, ta karɓi haihuwa, ta yi ɗinki, ta riƙe ɗaki guda na marasa lafiya. A nan takardunta ba su ba ta izinin ba da ko ƙwaya ɗaya ba sai ta ci jarrabawar lasisi. Don haka aikinta ɗaga tsofaffi ne, da wanke su, da juya su a gado. Ta zauna jarrabawar sau biyu ta faɗi. Bayan ta biyun ba ta yi kuka ba. Ta zuba littattafan a kwali ta kai ƙarƙashin bene, suka yi wata bakwai a can. Da ta ɗauko su karo na uku, gidan gaba ɗaya ya koma aji. Ƙananan katuna masu sunayen magunguna a jikin firji, a madubin banɗaki, har a gaban mota. Safiya, kina da shekara goma sha ɗaya, ke kike riƙe katunan kina yi mata tambaya, kina dariyar yadda take furta sunayen. A lokacin bayanta ya fara ciwo, sai ta dafa ƙugu take tashi daga kujera.

"Malam, wannan ne na ƙarshe," ta ce mini. "In na faɗi, na haƙura. Sai in ci gaba da juya tsofaffin mutane har a zo a juya ni."

Wuri ɗaya take samun sauƙi, kuma ba gida ba ne. Wata abokiyar aikinta 'yar El Salvador ta taɓa kai ta wani ɗan gidan abinci na mutanensu, a cikin layin shaguna, tsakanin wurin wankin kaya da shagon tayoyi. Abin da ake ci a can pupusa ne: kwaɓin garin masara, a cusa masa wake da cuku a ciki, a tafa shi tsakanin tafukan hannu har ya yi faɗi, a gasa a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi. Ummanku ta koma ita kaɗai, ta sake komawa, har ya zama duk Juma'a in ta tashi daga aiki sai ta biya. Ba ɗanɗanon ne ya fara kama ta ba. Kakarku, Inna, gurasa ta yi ta sayarwa a cikin birnin Kano kusan duk rayuwarta, kuma Ummanku ta girma ne da ƙarar tafin hannunta a kan kwaɓi. Matar da ke gashi a wannan shago, Marta sunanta, haka nata hannun yake tafawa. Shekara biyu Ummanku tana jana in je.

"Malam, ka zo ka ji hannun matar nan. In ka rufe ido sai ka ce tsakar gidanmu."

"Ni in zauna a shago ina cin abinci, mutane suna wucewa suna kallona?"

"Wa ya san ka a nan? Muryarka aka sani, ita ma sai an tsallaka teku."

Ban je ba. Mahaifina bai taɓa cin abinci a wajen gidansa ba in ba tafiya ta kama shi ba, ni ma na ɗauki wannan a matsayin mutunci.

Wata Talata da rana, na fito daga ɗakin watsa shiri ke nan, wayata ta yi ƙara. Bashir ne. Shi kaɗai ya rage a gida tare da Inna, yana koyarwa a wata firamare. Inna ba ta da waya, tasa ake kira ya kai mata. Ni ya kira, ba yayarsa ba, domin haka ake yi a wurinmu, labari mai nauyi ta hannun miji yake bi.

"Malam, jikin Inna ne. Kwana uku ke nan ba ta tashi ba. Likita ya ce zuciyar ta gaji."

"Ya faɗi lokaci?"

"Ya ce sai addu'a. Kwanaki, ko makonni." Sannan ya ce, "Malam, ta kira sunan Yaya. Sunanta na yanka. Sau biyu, a gabana."

Ku da aka haifa a nan sai na yi muku bayani. Ummanku ita ce 'yar fari, kuma mata irin Inna ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Tun Ummanku tana jaririya Inna ba ta taɓa cewa Hadiza ba. "Ke" take ce mata, in ba ta nan kuma "waccan", da muka taho Amurka ta koma "waccan ta ƙasar sanyi". Tsohuwar da ta ajiye wannan kunya ta san inda ta dosa. Na gane haka sarai a lokacin. Ku riƙe wannan, kada wani ya zo ya ce muku ban fahimta ba ne.

Na tsaya a baranda da wayar a kunne na jera abubuwa kamar yadda nake jera labarai. Jarrabawa ran Alhamis ta sama, saura kwana tara. In ta ji, za ta hau jirgi. In ta hau jirgi, ranar ta wuce, kuma na san ba za ta ƙara ɗauko kwalin nan ba. Likita ya ce kwanaki ko makonni, sai na zaɓi makonni. A ɗakin labarai ba ma sanar da abu sai majiya biyu sun tabbatar, ni kuwa majiya ɗaya gare ni, saurayi a tsorace. Wannan ƙa'ida ta aiki ce, ba ta da hurumi a tsakanin uwa da 'ya, amma da ita na rufe wa kaina baki.

"Ka bari sai ran Alhamis ta sama. Tana fitowa daga jarrabawa zan haɗa su."

"Malam, minti biyu kawai. Ta ji muryarta, shi ke nan."

"Nas ce, Bashir. Numfashi ɗaya za ta ji ta gane."

"To in ta kira ni fa?"

"Ba za ta kira ba. Ka bar mini wannan."

"Kai ne mijinta," ya ce. "Yadda ka ce."

Duk Lahadi take kiran gida, kuma katin wayar a hannuna yake zama. Wannan Lahadin, kafin ta tambaya na ce mata na yi magana da Bashir daga ofis, ya ce ta mai da hankali a kan karatu.

"Inna fa?"

"Ya ce kullum tana maganarki."

Ta yi dariya ba ta ɗago kai daga littafi ba. "Inna? Maganata? Sai dai ta ce waccan ta ƙasar sanyi ta manta hanyar gida. Bari in gama, ni zan kira ta da bakina."

Ran Laraba da safe ina ofis Bashir ya kira. Inna ta cika da hantsi, an kai ta bayan Azahar. Na yi masa ta'aziyya, na ce ya ƙara mini kwana ɗaya. Na shiga na karanta labaran duniya, muryata ba ta yi rawa ba. Da yamma na karɓi katunan daga hannunki, Safiya, na yi wa Ummanku tambayoyi har ta ce ya isa.

Ran Alhamis na kai ta wurin jarrabawa, na zauna a mota awa biyar. A nan na tuna yadda mahaifina yake yi. A unguwarmu shi ake aikawa ya kai labarin mutuwa, kuma ba ya faɗa a tsaye, ba ya faɗa wa mai yunwa. Sai ya zaunar da mutum, a kawo ruwa, a kawo abinci, ya jira ya ga an kai loma ta ƙarshe, domin ya san bayan wannan maƙogwaro zai rufe kwana biyu ko uku. Na ga ya yi haka sau da yawa, na kuma ji ana yaba masa. Ummanku tun daren jiya ba ta ci komai ba. Na yanke shawara in yi abin da ya dace, in ciyar da ita abin da ta fi so. Har na ji kamar na samo wata dabara ta tausayi.

Ta fito wajen La'asar, idanunta ja, ta faɗa kujera.

"Yaya jarrabawar?"

"Ban sani ba. Kaina kamar an daka shi a turmi."

"Mu je ki ci abinci. Wurin matar nan taki."

Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai? A shago? Ko dai an ƙara maka girma ne ba ka faɗa ba?"

Tebur shida ne a wurin, da ledar tebur mai zanen furanni. Talabijin a sama ana ƙwallo, mai sharhi yana zuba Sifaniyanci. Wasu leburori uku, wandunansu duk fenti, suna ci ba sa magana. Ƙamshin masara da ta fara ƙonewa ya cika ɗakin. A bayan kanta wata gajeriyar mace mai kauri, ta kai shekara sittin, tana tsaye gaban ƙarfen gashi. Ta hango Ummanku ta ɗaga hannu duk kwaɓi, ta ce "Adisa", haka Hadiza yake fita a bakinta, sannan ta nuna ni da haɓa. Ummanku ta ce mata da Turanci mijina ne, yau Allah ya sauko da shi. Na tambaya a hankali ko babu naman alade a ciki.

"Na riga ka da shekara biyu," in ji Ummanku. "Wake da cuku kawai. Da man gyaɗa take soya waken, na shiga na gani. Duba can."

Marta ta ɗauki ƙarfen kankara ta kankare gefe ɗaya na wurin gashin, ta goge da tsumma, ta ware mana shi. Ba wanda ya ce ta yi. Sannan ta ɗebo kwaɓi, ta cura, ta lotsa tsakiya da yatsa, ta cusa wake da cuku, ta rufe, ta fara tafawa daga wannan hannu zuwa wancan. Ummanku ta taɓa mini gwiwa ta ce in saurara. Na taɓa jin hannun Inna lokacin ina zuwa zance, ina tsaye a soro. Gaskiya ta faɗa. Iri ɗaya ne.

Aka kawo mana a faranti, da kwalbar yankakken kabeji mai tsami, da miyar tumatir mai ruwa-ruwa. Na ɗauki cokali mai yatsu. Marta ta zagayo daga bayan kanta ta zare shi daga hannuna, ta kaɗa mini yatsa kamar yaro.

"Ka ga abin kunya," in ji Ummanku. "Bahaushe, sai wata ta koya masa cin abinci da hannu. Ka ɓare ta ta gefe. A hankali, cukun yana ƙuna. Ka ɗora kabejin. Ba haka ba, Malam, ba takardar labarai ba ce da za ka ninke ta huɗu."

Zan faɗi wannan domin ya faru. Abincin ya yi daɗi, kuma na ci biyu. Ɓawon ya gasu, cikin yana da laushi, tsamin kabejin yana yanke maiƙon cukun. Ina zaune gaban matata da mutuwar uwarta a bakina, harshena kuma yana jin daɗin abin da nake taunawa. Ita ta ci uku. Ban ga ta saki jiki haka ba tun farkon shekara. Ta cire takalmi a ƙarƙashin tebur. Ta ce akwai tambaya a kan wani maganin hawan jini da Safiya ta yi ta yi mata tsiya a kansa, kuma ya fito. Ta ce yanzu dare ya yi a Kano, gobe da sassafe za ta kira.

"In na ci, Malam, zan kawo Inna. Ko wata uku ne. In zaunar da ita can kusa da Marta, mu ga wa zai riga wani gajiya. Ba sa jin yaren juna, amma wallahi sai sun yi faɗa a kan wuta."

Na jira ta suɗe miyar da guntun ƙarshe, kamar yadda na ga mahaifina yana yi. Na gyara zama. Na ce mata akwai wani labari da ya iso daga gida, kuma dukkanmu na Allah ne.

"Kar ka yi mini muryar rediyo," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Wane ne?"

"Inna."

"Yaushe?"

"Jiya da hantsi. An kai ta bayan Azahar."

Ta dubi hannunta, yatsun duk maiƙo. Ta dubi farantin. "Shi ya sa ka kawo ni."

"Na so ki ci wani abu tukuna."

"Ciwo ta yi?"

"Ta yi."

"Kuma ba wanda ya faɗa?"

Nan ne wurin. Duk abin da na yi kafin wannan ana iya kiransa kuskuren mai neman alheri. Wannan kuwa ba haka ba ne. Na san tambayar da ta yi, na san amsarta. Shekaru na yi ina koyon yadda ake tsara jimla wadda ba mai iya ƙaryatawa, da yadda ake barin abin da ba a so a waje. Na yi amfani da gwanintata.

"Jiya Bashir ya kira ni," na ce.

A bayanmu Marta ba ta san komai ba, tana ta tafa kwaɓin leburorin nan. Ummanku ta rufe ido. Ta ce in gaya wa matar ta daina. Ban tashi ba. Sai ta miƙe ba takalmi ta shiga banɗakin da ke ƙarshen shagon, kuma bangon siriri ne, duk wanda ke wurin ya ji. Abin da na zaunar da ita ta ci, duka ya fito. Leburorin suka daina tauna. Marta ta sauke hannu, ta dube ni, ta bi ta ciki.

Da suka fito, Marta tana riƙe da kafaɗarta, ta zaunar da ita, ta kawo mata ruwan zafi da wani ganye a ciki. Ummanku ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Ka san ba ta taɓa kiran sunana ba?" ta ce. "Ko sau ɗaya. Ina yarinya nakan ɓoye a bayan tanderu in ƙi amsawa, ko za ta gaji ta faɗa. Sai ta aiki wani ya nemo ni. Na ce wa kaina in ta tsufa za ta manta kunyar."

Ina da abin da zan ba ta a wannan lokacin. Sau biyu, a gaban Bashir. Amma in na faɗa, za ta tambaye ni yaushe, kuma wa ya gaya mini. Na sunkuya na ɗauko mata takalmanta.

Washegari da safe ta kira Bashir, ina zaune a bakin gado ina ji. Ta tambaye shi kwana nawa Inna ta yi a kwance. Ya ce goma sha ɗaya. Ta ce kana da bakinka, kana da lambar mijina, kwana goma sha ɗaya kana kallonta. Na ji numfashinsa ta wayar. Na san yana jira ya ji ko zan yi magana.

"Ki yi haƙuri, Yaya," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ranar da kuma duk shekarun da suka biyo. Ƙanen mata ba ya tona mijin yayarsa, ba ya zama sanadin mutuwar aurenta, balle tana ƙasar da ba ta da kowa sai mijin. Ya auna, ya ga in ta rasa shi tana da gida, in ta rasa ni ba ta da shi. Shi ya fi ni iya auna abu.

Ta ci jarrabawar. Takardar ta zo, ta karanta a tsaye, ta sa a aljihun tebur. Ta yi aikin nas shekara goma sha shida, muka koma Upper Marlboro, bayanta ya samu sauƙi, kuka yi karatu inda kuke so. Duk lokacin da abin ya taso mini sai in jera wa kaina waɗannan, kuma duk gaskiya ne. Amma ba ta ƙara bin titin shagon nan ba. In hanya ta kai mu can sai ta ce in zagaya. Sau ɗaya Marta ta aiko da ƙunshi ta hannun abokiyar aikin nan, Ummanku ta ajiye a kan tebur ta hau sama, ku kuka cinye kuna cewa a ƙaro. Wato bayan muryar uwarta, na raba ta da wuri ɗaya tak da take jin gida a ƙasar nan. Da ta je Kano a shekarar da ta biyo, gidan gwaggonta ta sauka. Da Bashir ya yi aure, turmin atamfa ta aika, ba ta kira ba. Gaisuwar Sallah kawai ta rage a tsakaninsu, ita ma ta bakina take bi. Ba ta taɓa zaunar da ku ta ce ku ƙi shi ba. A fuskarta kuka gani duk sanda aka ambaci sunansa.

Na samu dama ba sau ɗaya ba. A shekarar farko na ce sai ciwon ya lafa. Daga baya na ce me zai gyara. Can gaba kuma sai na ga shekarun shirun sun fi kwana taran nauyi, kuma kullum ƙaruwa suke. A watanta na ƙarshe, a asibiti, wata rana da hantsi kun fita neman shayi, ta ce in matso.

"Ka ce wa Bashir na yafe masa. Yaro ne a lokacin. Tsoro ya ji."

Na ce to. Ta koma barci. Na zauna ina kallon injin da ke ƙirga bugun zuciyarta har kuka dawo. Ta yafe wa wanda bai yi mata komai ba, ni kuwa ban roƙa ba, don haka ba a ba ni ba.

Bayan sadakar arba'in na kira shi na isar da saƙon, domin amana ce.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Ai na san Yaya."

Na ce masa zan gaya muku gaskiya. Ya ce a bar maganar, yaran sun rasa uwa, kada a haɗa musu da uba. Na ce wannan karon ma ba shawararsa nake nema ba, ya yi 'yar dariya. Sai na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, me ya riƙa faɗa wa Inna a kwanakin nan.

"Na ce mata layi ne ba ya shiga daga Amurka."

"Ta yarda?"

"Ban sani ba, Malam. Cewa ta yi in ajiye wayar a gefen filonta, kada a kira tana barci. Nan ta zauna har ƙarshe. Da rana in ɗauka in kai caji bakin titi, in na daɗe sai ta aiko a ce in dawo da ita."

Iyakar abin da na sani ke nan, ban rage komai ba. Kawunku yana tashi daga makaranta ƙarfe biyu agogon Kano, da safe ke nan a nan. Kunnensa na hagu ya yi nauyi, sai kun ɗaga murya. Yana jin Turanci, amma ku fara da gaisuwar Hausa, ku ce masa Kawu, ku tambayi iyalinsa da sunayensu, zan rubuta muku su. Kada ku yi masa dogon bayani, zai ji kunya ya canja magana. Abin da za ku yi da ni kuma naku ne. Ina gida, ba na zuwa ko'ina.